Doyar Abuja

A shekarar da rediyo ya shiga maimaita cewa tattalin arzikin ƙasa ya karye, mu mutanen Makera, a nan Kaduna, ba mu razana ba. Mamakinmu ɗaya, yadda labarin ya daɗe a hanya kafin ya isa gidan rediyo. Namu arzikin ya karye tun lokacin da jiniyar masaƙun Kakuri ta daina tada unguwa da asuba. Aka yi masa ɗorin gida, ya kama a karkace, muka ci gaba da ɗingisawa da shi har muka manta akwai wata irin tafiya ban da wannan. Saboda haka da aka ce yanzu ƙasar gaba ɗaya ta fara ɗingishi, sai muka ji kamar ɗaliban da suka maimaita aji, ga sababbin shiga sun iso suna tambayar inda ake zama.

Wanda abin ya taɓa da gaske shi ne ƙanina. Tela ne, kuma Tela kowa yake kiransa, har mahaifiyarmu, wadda ta fi kowa sanin sunan da aka raɗa masa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, kuma a cikinsa mahaifinmu ya yi ɗinki tun ana rububin yadi a ƙofar masaƙa. Haya ce, ba mallaka ba, amma irin hayar nan da ta tsufa har mai gidan ma yakan yi sallama kafin ya shiga. Mai gidan ya rasu, ɗansa ya gaje shi, kuma ɗan ba ya sallama. Yana da wani mai cire wa mutane kuɗi da 'yar na'ura, wanda ke jiran shagon kamar yadda kyanwa ke jiran mai gyaran kifi. Duk unguwa ta san ranar da Tela ya miƙa makulli, shagon ya tafi ke nan, ba zai ƙara dawowa hannunmu ba.

Aiki bai yanke masa ba, kama ya canja. Da, mutum zai shigo da shadda a leda, ya tsaya a auna shi yana hura hanci. Yanzu sai ya shigo da tsohon wando a hammata, ya dubi hagu da dama, ya ce a ɗan rage masa ƙugu, wai yawan wanki ne ya buɗa shi. Wani ya kawo riga a juya mata wuya. Wani ya ce a mayar da kaftanin uba ya zama na ɗa, in an sami ragowa a fid da hular jariri.

"Yaya," in ji shi wata rana, yana ɗaga wani wando da ya sha faci har an rasa asalin launinsa, "ni fa ɗinki na koya. Ba asibitin tsumma Baba ya bar mini ba."

Na ce ai asibiti ba ya rasa marasa lafiya. Bai yi dariya ba.

A ƙofar shagon majalisarmu take zama bayan la'asar. A wannan shekarar ta ajiye ƙwallo da siyasa, ta ɗauki tambaya ɗaya tana juya ta kamar waina a tanda: a duk ƙasar nan, wane gari ne wannan matsi bai taɓa ba? Kowa ya yarda akwai irin garin. Ba zai yiwu a ce kuɗin da suka bar aljihunmu narkewa suka yi ba. Dole akwai inda suka sauka.

Da yake labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, ni aka fara tambaya. Na gyara zama na yi musu bayani yadda yake a littafi. Na ce garin da ke jure wa irin wannan lokaci shi ne wanda bai rataya rayuwarsa a kan masana'anta guda ba. Mai abinci a kusa, mai albashin gwamnati, mai makarantu da asibitoci, domin ko duniya za ta tashi sai an ci, sai an yi ciwo, sai an tura yara makaranta don a huta da su. Na kawo misalin tukunya, wadda ba ta zama a kan dutse ɗaya. Ina shirin shiga kashi na biyu, sai wani dattijo da muke kira Baba Masaƙa, saboda a can ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Malam, Allah ya ƙara sani. Amma mu sunan gari muke so, wanda ake shiga mota a je."

Daga nan aka jingine ni gefe, majalisa ta koma ga nata ma'aunin, wato tsaraba. Dokar a sarari take. Kowane gari akwai ɗan unguwarmu a cikinsa, kuma abin da ya riƙo in ya zo ganin gida shi ne rahoton arzikin wannan gari. Na Kano, wanda da yakan zo wa kowace gwaggo da turmin atamfa, yanzu hula ɗaya yake kawowa, kuma a kansa take. Aka soke Kano. Na Legas ya daina zuwa ma, sai dogon saƙon murya cike da addu'a. Baba Masaƙa ya ce in ka ji addu'a ta yi yawa a saƙo, to aljihu ne ya yi shiru. Aka soke Legas. Na Fatakwal ya zo da kwalbar manja, ya koma da buhun masara, kuma uwarsa ce ta sa shi a mota. Wannan ba a ma tsaya sokewa ba. Mai shayinmu, wanda ya taɓa kafa tebur a Rido, kusa da matatar mai, zamanin da direbobin tanka ke kwana a layi, ya ce a duba Kaduna ma. Aka tambaye shi ko yau ya sha daga cikin hajarsa fiye da kima.

Gari ɗaya ne tsarabarsa ba ta rame ba, shi ne Abuja.

Wakilinmu a can ɗan gwaggonmu ne, taubashinmu, ma'aikaci a ɗaya daga ma'aikatun nan masu dogon suna. Alhajin Abuja ake ce masa. Duk Juma'ar ƙarshen wata zai iso da yamma, mota na ƙyalli, shi ma yana ƙyalli cikin babbar riga mai aiki har ciki, turare ya riga shi fitowa. Zai tsaya a ƙofar shago, ya gaisa, ya buɗe but. Doya ce manya-manya, kowace kamar cinyar ɗan dambe, a jere cikin kwalaye masu rubutun Turanci. Ya sauke kason gidanmu, ya ba majalisa nata, sauran ya wuce da su Tudun Wada wurin Gwaggo, wadda ke rabawa gida-gida tana cewa, "Ga ɗan abin da yaron nan ya taho da shi, ba yawa."

In an ce masa, "Alhaji, yaya Abujar?" sai ya ce, "Alhamdulillahi, sai godiya." Na taɓa tuna wa majalisa cewa mutuminmu ko daga cikin rijiya ka tambaye shi, amsar da zai ba ka ke nan. Aka ce mini rijiya ba ta fid da doya.

"Abin ai a fili yake," in ji Baba Masaƙa. "A can ake rabon kuɗin ƙasa. Ka taɓa ganin mai rabon nama ya kwana da miya lami?"

Tela yana ji, keke na tafiya a ƙarƙashin ƙafarsa. Ban san maganar tana shigarsa ba sai ranar da ya same ni a gida ya ce ya yanke shawara. Hayarsa za ta cika tsakiyar wata mai zuwa. Ran nan zai miƙa makulli, ya ɗaure kekunansa ya tafi Abuja, inda mutane ke ɗinka sabo. Zai sauka wurin Alhaji kafin ya sami wuri, iyali su biyo baya. Har ya gaya wa ɗan mai gida, wanda a karon farko ya yi masa sallama, har da tambayar lafiyar yara.

Mahaifiyarmu ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," da irin muryar da duk wanda ta haifa ya san a'a take nufi. Matarsa ba ta ce komai ba. Ni kuwa na yi ta jero hujjoji, tsadar haya, rashin sanin mutane, shagon Baba. Ya saurare ni da irin ladabin da ake yi wa mai tallar magani a cikin mota.

Wanda ya ba ni mamaki shi ne Alhajin. Tela ya kira shi a waya ya gaya masa. Alhajin ya ce, "Madalla. Abuja ai ta kowa ce. Sai dai da ka ɗan jira bayan damina."

"Ka ji ko?" in ji Tela bayan ya kashe wayar. "Baƙin ciki. Ba ya so a sami Alhajin Abuja biyu a dangi."

A cikin doyar da ta zo gidana ƙarshen watan da ya wuce, na ware ɗaya na kai wa abokiyar aikina, malamar lissafi, 'yar kudancin jihar nan da ke zaune a Sabon Tasha. Madam muke ce mata. Akwai irin wannan tsakaninmu. In ta je gida Kirsimeti takan kawo mini citta da acca, ni kuma in kai mata naman Sallah. Na ajiye mata doyar a kan tebur a ɗakin malamai, na ce tsarabar Abuja ce, ta ɗanɗana abin da manya ke ci.

Ta ɗaga, ta juya, ta tsaya a wajen kai. Akwai ɗigo biyu na shuɗin fenti da ɗan layi a ƙarƙashinsu. Na sha ganin alamar, na ɗauka hatimin wani babban kanti ne.

"Malam, daga ina ka ce?"

"Abuja."

"To, ta yi ƙoƙari, ta riga ni zuwa." Ta ƙara juya ta. "Wannan fentin ragowar na ƙofar ɗakina ne, ni na ba ƙanwata. Doya take sayarwa a Kakau, bakin titi. Kowace mai rumfa da alamarta, don kada kaya su cakuɗe in an sauke su daga mota."

Kakau kuwa nan ce bayan gari a kan hanyar Abuja, inda ko mai babur zai kai ka ya dawo bai rasa la'asar ba. Na ce wataƙila daga can ake kai su Abuja, shi kuma ya sayo a kanti. Madam ta dube ni irin duban da take yi wa ɗalibin da ya yi rabawa amsarsa ta fi abin da aka ba shi yawa.

"Tana da wani kwastoma," in ji ta. "Alhajin ƙarshen wata suke ce masa. Wai ya fi matan kasuwa iya ciniki. Motar Alhajin naku ruwan toka ce?"

Ruwan toka ce.

Na kwana biyu ina juya abin. In na faɗa a majalisa, na tona asirin ɗan'uwa, kuma kafin a idar da sallar isha'i maganar ta haye Tudun Wada ta sami Gwaggo a tsakar gidanta. In na gaya wa Tela shi kaɗai, zai ce baki na haɗa da mahaifiyarmu. Ƙanina irin mutanen nan ne da ba sa yarda wuta na da zafi sai sun ga tabo a hannunsu. Ga kwanaki na tafiya, har ya fara kwance kantocin shago, ya ba wa wanzamin da ke maƙwabtaka da shi babban madubinsa kyauta.

Madam ce ta kawo mafita. Matan zumuntar cocin ƙanwarta suna neman wanda zai ɗinka musu anko, nasu telan ya tsawwala. Ta ce in kai ƙanina ya karɓo yadi da samfurin riguna. Na tambayi wace rana. Ta ce ita dai a ganinta Juma'ar ƙarshen wata ta fi, bayan an sauko daga masallaci.

Tela ya so ya ƙi, ya ce shi yanzu kusan mutumin Abuja ne. Na ce ko mutumin Abuja yana bukatar guzuri. Muka hau bas.

Ƙanwar Madam mace ce mai fara'a da ƙarfin damtse. Ta zaunar da mu a kan tabarma bayan rumfarta, tarin doya ya kare mu daga titi, ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa, ta zazzage yadin ankon. Tela ya shiga aikinsa, yana ɗaga riguna yana tambayar mai wannan doguwa ce ko kuwa hannun ne aka yi wa alheri. Ni idona na kan titi ta wata 'yar kafa, ina addu'ar da ban san yadda ake tsara ta ba: Allah ya kawo shi, Allah kuma ya sa ba shi ba ne.

Can sai ga mota ruwan toka ta yi kaca-kaca da laka. Ta tsaya wurin masu wankin mota da ke gefe. Wani mutum ya fito cikin koɗaɗɗiyar riga mai gajeren hannu da silifa, wuyansa dogo kamar na zalɓe. Sai da na ƙura ido kafin in gane shi. Ban taɓa sanin rabin Alhajin Abuja sitaci ba ne.

Ya taho rumfar kai tsaye. "Madam, yaya kasuwa? Yau fa kada ki kashe ni, ina da iyali."

Tela ya tsaya da riga a hannu. Muryar ya fara ganewa. Na dafa masa gwiwa.

Cinikin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Ya taya, ta yi albarka. Ya ce doyar ta rame, ta ce tare suka rame. Ya juya zai tafi, ya kai bakin mota, ya dawo. Ya rantse ko a Abuja ba a sayar da ita haka, ta ce to ya koma can ya saya, hanya a buɗe take. Da suka daidaita ya nemi gyara, ta ba shi wata 'yar ƙarama, ya ce ta musanya masa da waccan ta ƙasa. Sannan ya ɗauko kwalayen nan masu rubutun Turanci daga but, a ninke, ya buɗe su, ya ce a goge ƙasar jikin doyar sosai kafin a jera. Ana jerawa, ana wanke mota, shi kuma ya ciro babbar riga daga ledar mai guga, ya zagayo bayan rumfa don ya sa. Bayan rumfar nan kuwa mu ne.

Muka dubi juna. Riga a hannunsa, hula a hammata, kwalbar turare na leƙowa daga aljihu. In akwai gaisuwar da aka tanada don irin wannan haɗuwa, ba a koya mini ita ba.

Shi ya fara magana. "Me kuke yi a nan?"

"Abuja muka zo," in ji Tela. "Direba ya ce nan ce."

Ƙanwar Madam ta tuna tana da saƙo a can ƙarshen layi.

Alhaji ya zauna a kan wani buhu. Na zaci Tela zai yi faɗa, don na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Amma idonsa ya sauka a kan wandon taubashin nasa, ya daɗe a can.

"Wa ya rage maka wannan?"

"Ni da kaina. Da zare da allura."

"Ya nuna. Kana da tela a dangi, kana yawo da ƙugu kamar bakin buhun gawayi. Tashi in gani."

Ya tashi. Tela ya kama ƙugun ya ja, ya saki, ya girgiza kai. Daga nan magana ta buɗe.

Abujar tasa, ashe, ba ta cikin Abuja. Ɗakunan haya ne a bayan Suleja, inda in ya tashi zuwa ofis sai ya bar wata jiha tukuna. Motar a lulluɓe take kwana duk wata, ana tara mata man da za ta sha ta kawo shi gida. Ofis kuwa a motar haya yake zuwa, an cusa su kamar kifin gwangwani. Albashi yana zuwa, wannan gaskiya ne, ba ya fashi. Sai dai zuwan irin na baƙon da ke gaisawa a tsaye ne, takalmi a ƙafa.

"Doya kuwa," in ji shi, "a unguwarmu yanka ta ake yi gunduwa-gunduwa kamar kankana. Sai ka ga mutum da kwat ya sayi gunduwa ya ɓoye a jakar ofis."

"Telolin can fa?" in ji Tela.

"Suna nan. Rage ƙugu suke yi. Sai dai su a shago mai gilashi. Hayarsa kuwa, sai ka sayar da kekunan ka biya, sannan ka zauna kana ɗinki da haƙora."

Na tambaye shi me ya hana shi zuwa haka nan, tunda gida gida ne.

"Haba Yaya Malam, kai ma ka san ba ta yiwuwa. Wa ya taɓa dawowa daga Abuja hannu rabbana? Tsohuwa tun ran Laraba take tsara gidajen da za ta aika wa. Maƙwabciyarta ɗanta na Legas ya daina zuwa, ita nata yana zuwa da kwali. Abin taƙamar da ya rage mata ke nan. In ƙwace?"

Shi ya ci gaba da kansa, kamar wanda aka cire wa toshiya. Ya ce in zai koma ran Lahadi, a nan yake sake tsayawa ya cika but da masara da wake da ƙananan doyar da ba ta isa shiga kwali ba. Wannan na gidansa ne. Maƙwabtansa na can suna ganin ana sauke kaya duk wata, har majalisarsu ta yanke hukunci cewa Kaduna ce garin da matsin bai taɓa ba. Akwai ma wani mai gyaran takalma da ya ishe shi da roƙo ya nemo masa shago a Makera.

"Me ka ce masa?" na tambaya.

"Na ce ya jira bayan damina."

Na yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ni. Tela bai yi ba.

"Wato da ka bar ni na miƙa makullin Baba," in ji shi a hankali. "In ɗauro kekuna in same ka a bayan Suleja."

"Na ce maka ka jira."

"Ka ce Abuja ta kowa ce."

"To ƙarya na yi? Ta kowa ce mana, kowa na shan wahalarta." Ya sunkuyar da kai. "Wallahi tun ranar da ka kira ban yi barcin kirki ba. Yau na yi niyyar in ja ka gefe. Tun daga Jere nake haɗa maganar, ta ƙi haɗuwa. Ni dai roƙona ɗaya, don darajar zumunci, kada tsohuwa ta ji."

Tela ya miƙe, ya karɓi babbar rigar, ya kaɗe ta, ya ce, "Ɗaga hannu." Ya zura masa, ya daidaita kafaɗu, ya naɗe hannuwan yadda aikin zai fito, ya ja da baya ya duba kamar yadda yake duba ango. A gaban idonmu Alhajin Abuja ya dawo, ya cika, har muryarsa ta yi kauri.

"Wuce gaba," in ji Tela. "Mu bas za mu hau, kada a gan mu tare da doya. Wandon kuma ka kawo mini gobe, a baƙar leda."

Da muka iso Makera an riga an buɗe but. Baba Masaƙa na rungume da doya da hannu biyu kamar jariri ranar suna.

"Malam, zo ka gani, kai mai littafi. Dubi fatarta. Ko ƙasar da ke fid da ita ma daban take."

Na ce lallai ƙasa ce mai albarka, kuma ba ta da nisa ga mai mota. Alhaji ya yi tari.

A nan gaban kowa Tela ya ajiye ƙunshin ankon, ya ce ya fasa tafiya. Majalisa ta nemi dalili. Na ga bakinsa ya motsa. Dalilin na tsaye a gabansa cikin babbar riga yana ƙamshi. Ya ce ya dai sake tunani.

Majalisa ba ta yarda da sake tunani ba, don ba ta taɓa ganin wanda ya yi ba. Ta shiga neman dalili da kanta, kuma kafin a kira magariba ta samu.

"Maiɗakinsa ce," in ji mai shayi. "Ta ce ba inda za shi."

"Allah sarki," in ji Baba Masaƙa. "Ga arziki na kira, ga zane ya harɗe ƙafa."

Har Alhajin, da ya ga kowa na tofa albarkacin bakinsa, ya ji tsoron kada shirunsa ya yi ƙara, ya ce, "Ai da ka zo, Tela. Wuri na nan." Na ga hannun ƙanina ya damƙi almakashi. Amma taubashi ne, kuma a bainar jama'a. Ya haɗiye.

Tun daga ran nan sunan mijin-ta-ce ya bi shi. Matarsa, wadda ba ta ce uffan ba tun farkon maganar, a gidan biki ta ji labarin ƙarfinta, ta kuma karɓi sarautar ba musu. Na ji har amare na zuwa neman shawara. Ɗan mai gida ya koma shiga ba sallama. Madubin bai dawo ba, don kyauta ba ta san hanyar gida ba, sai da Tela ya sayi wani, ƙarami, wanda mutum ke ganin kansa kashi-kashi. Mahaifiyarmu ta ce ita dama zaɓi ta roƙa.

Makullin yana nan a aljihunsa. Matan zumunta sun ji daɗin ankonsu, suka gaya wa na Sabon Tasha. Alhaji kuma yanzu ba doya kaɗai ke cikin but ɗinsa ba. A ƙarƙashin kwalaye akwai baƙar leda cike da wandunan abokan aikinsa, masu son a ɗan rage musu ƙugu a garin da ba a san su ba. Tela yana karɓa in majalisa ta tafi salla.

Madam ta gaya wa ƙanwarta ta daina sa wa kason Alhaji fenti. Baba Masaƙa ya lura. Ya juya doyar sama da ƙasa, ya miƙa ta cikin shago har kusa da hancin Tela.

"Ka gani? Yanzu ko hatimi ba sa buga mata. Abu in ya yi suna ba ya bukatar talla. Da ka ji magana, yaro, da yanzu kana can."

Tela ya ciji zare, ya tofar, ya jawo wani wandon.

"Maiɗaki ce ba ta bari ba, Baba."